Amsoshin Tambayoyinku: Mu talakawan ƙauye wa za mu kalla?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka, da fatan an dawo daga gona lafiya. Yau ma ga mu da jakar wasiƙunku kuma wallahi ta cika ta batse, wasu a takarda wasu ta tes wasu ta WhatsApp, ga shi minti ashirin da biyar kacal aka ba mu, don haka wanda ya ji na ba shi amsa a gurguje kar ya ce na raina shi. Makon jiya mun ce ku rubuto mana tambayoyi kan Musulmin da suka yi wa al'umma abin a zo a gani. Tare da ni akwai Malam, ya daɗe yana koyar da tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya. Malam barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Allah ya sa mu faɗi abin da zai amfani mutane.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga Bebeji, wani bawan Allah yana tambaya wai Aliko Dangote jikan Alhassan Dantata ne? Wannan ni ma zan iya. Tattaɓa-kunnensa ne, ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi Dantata. Kuma kai ɗan Bebeji da wannan tambaya, ai kai ya kamata mu tambaya, a garinku aka haifi Alhassan ɗin.

Malam: A 1877 ma kuwa. Kuma ka san fataucin goro ya fara zuwa Gwanja kafin gyaɗa, sannan da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929 raƙuma ashirin ya kai ɗauke da kuɗin azurfa, to ka ga shi raƙumi ɗaya ma abin da yake ɗauka...

Mai gabatarwa: Malam a bar raƙuman nan su huta, lokaci. Ta biyu daga Kazaure, ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare, ya ce wai da gaske ne Musulmi ne ya ƙirƙiro aljebra, in da gaske ne to shi ya ja musu wannan wahalar. Kai yaro ka ji tsoron Allah, hhh. Malam bismillah.

Malam: To ai shi lissafi ya girmi kowa, mutanen Indiya da Girka da Babila duk sun yi nasu. Amma wanda ya zauna ya tsara wannan fanni ya zama ilimi mai zaman kansa shi ne Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, a Bagadaza ya yi aiki zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820. Sunan aljebra ɗin ma daga sunan littafinsa ya fito, al-jabr. Abin da yara ba su sani ba, kaso mai yawa na littafin nan a kan rabon gado ne da wasiyya da awon fili. Wato mutum ya mutu ya bar mata biyu da 'ya'ya da bashi, yaya za a fitar da tumunin takaba, yaya za a raba saura. Ni lokacin da nake koyarwa har na sha gaya wa malamin lissafinmu, ka daina ce musu x da y, ka ce musu gonar babanku ce za a raba, ka ga ko mai barci a bayan aji ba zai farka ba.

Mai gabatarwa: To ka ji ɗan Kazaure. Ranar da za a raba gona ka tuna da shi ka yi masa addu'a.

Sai wani daga Gumel, ya ce shi mai gidan kallon ƙwallo ne, wai ɗan ƙwallo zai iya shiga wannan layi? Me zai hana. Sadio Mane na Senegal ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali, an buɗe asibitin a 2021. Kai ma in ka tara na ƙofa ka gyara wa 'yan kallo benci, an ce ƙusoshi sun fito suna yaga wa mutane wando.

Yauwa, yanzu ga wadda nake so mu ɗan zauna a kanta, don ba mutum ɗaya ya aiko ta ba, na ƙirga wasiƙu sun kai shida masu irin wannan magana, daga Maigatari, daga Ɓaɓura, daga Kafin Hausa. Amma bari in karanta ta wata baiwar Allah daga wajen Sule Tankarkar, ta ce ɗanta ne ya rubuta mata. Ta ce, kullum in an tashi yabon mutanen kirki sai a kira na Bagadaza da Misira ko kuma attajirai masu gina asibiti, to mu talakawan ƙauye da ba mu yi boko ba, ba mu da kuɗi, ba mu da wanda za mu kalla mu ce irinmu ne? Ku ji fa da kyau, in maimaita. Ba ta ce waɗancan ba su yi ba. Cewa ta yi, wanda ba shi da kuɗi ba shi da takarda, akwai irinsa a cikin waɗanda ake yabo ko babu? Malam.

Malam: Wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ka ga in ana maganar mata, akwai Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, ita ta kashe dukiya mai yawa aka jawo ruwa zuwa Makka da Arfa saboda alhazai, aka kuma haƙa rijiyoyi da tafkuna a hanyar Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiranta. Akwai kuma Fatima Alfihriya a birnin Fas na Maroko da ake danganta mata gina masallacin Ƙairawiyyin a 859, wanda ya zama jami'a...

Mai gabatarwa: Malam gafarta, ai ka koma inda Hajiya ta ce kar a je. Matar halifa da 'yar attajiri. Ita fa irinta take nema.

Malam: Af, haka ne, haka ne. To mu dawo gida. Kowa ya san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, an haife ta 1793 ta rasu 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Za ka ce ai ita ma 'yar babban gida ce. To amma aikin nata wa ya ɗauke shi ya kai ƙauye? Jajis ne. Jaji tsohuwa ce daga ƙauye, mai hankali wadda mata suka yarda da ita, sai Nana ta naɗa ta, ta ba ta malafa da jan rawani, shi ne shaidarta. Ita jajin nan za ta tattaro tsofaffi da 'yan mata ƙanana, tunda matan aure ba su cika fita ba, su taka a ƙasa su je wajen Nana, su haddace waƙoƙi na tsarki da sallah da zaman aure da kula da mara lafiya, su dawo su bi gida-gida suna koya wa na cikin kulle. Su ake kira 'Yan Taru. Yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu, amma ba don ƙafarsu ba da karatun ya tsaya a Sakkwato.

Mai gabatarwa: Kin ji ko Hajiya? Tsohuwa daga ƙauye, da malafa, da ƙafarta. Ba mota ba albashi. Kuma ni a ganina duk matar da ke tara yaran maƙota a zaure ko a tsakar gida tana biya musu Fatiha da ƙulhuwallahu, jikar jaji ce ko ta sani ko ba ta sani ba.

Amma bari ni ma in kawo nawa, don mazan da suka rubuto daga Maigatari da Ɓaɓura manoma ne. Akwai wani dattijo a Burkina Faso, yankin Yatenga, sunansa Yakuba Sawadogo. Makarantar allo ya yi, bai yi boko ba. Bayan farin da aka yi na shekarun 1970 mutanen yankinsu suna ta gudu birni saboda ƙasa ta zama faƙo, ko ka zuba ruwa gangarewa yake kamar a kan siminti, shi sai ya bar kasuwanci ya koma gona. Me ya yi? Wata tsohuwar dabara ce ta kakanninsu da suke kira zai, ya ɗauko ya gyara ta. Tun da rani, rana na dukan ƙeya, yake haƙa ramuka a faƙon nan, faɗin kamar ƙwarya, ya zuba taki da ganye a ciki. Mutane suka ce ya haukace, wa ke haƙa da rani. To ashe takin nan gara yake jawowa, ita kuma gara sai ta yi ta huda ƙasa ta ƙarƙashi, in ruwan farko ya sauka sai ya taru a ramin ya bi hanyoyin gara ya shige ciki maimakon ya gudu. Ya kuma jera duwatsu layi-layi a gona don su rage wa ruwa gudu. A ramin yake shuka gero da dawa, da irin itatuwa. In sake faɗa don mai son gwadawa, rami da rani, taki a ciki, a bar gara ta yi aikinta, a jira ruwa. Garar da muke zagi tana cin mana rumbu, ita ya ɗauka aiki ba ko sisi.

Malam: Kuma abin ya haura har Nijar, wajen Tawa, can suna ce masa tassa.

Mai gabatarwa: Yauwa, ka ga maƙotanmu ne ma, masu zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ku tambayi mutanen Nijar za ku samu wanda ya sani. Mutumin nan faƙo ya mayar daji mai itatuwa iri-iri, kusan hekta 40, kuma bai ɓoye ba, yana tara manoma yana koya musu ana musayar iri. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, ya rasu a Disambar 2023, Allah ya jiƙansa. To mu nan fa? Kullum muna kukan hamada na gurgusowa, amma gawon da ke tsakiyar gona, wanda kakanka ya bari saboda ya san amfaninsa ga gero, kai ka sare ka sayar wa masu gawayi. Ba na jin daɗin wannan wallahi, kuma na san wasu masu yi suna saurarena yanzu haka.

Tunda na fara faɗa bari in ƙarasa, wannan kuma na masu hali ne. Akwai garin da na je kwanan baya, ba zan faɗi suna ba, masallatai uku a layi ɗaya kowanne da tayil da lasifika, amma famfon tuƙa-tuƙa ɗaya da suke da shi ya fi wata huɗu a lalace, na ga yarinya ba ta fi shekara takwas ba da jarka a ka, ta yi gammo da ɗankwalinta, lokacin da 'yan uwanta ke aji. Malam ba akwai magana a kan ruwa ba?

Malam: Akwai mana. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Sayyidina Usmanu kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina, da sayar da ruwanta ake yi, ya bar wa jama'a kyauta. Amma fa kar a ce mun hana gina masallaci.

Mai gabatarwa: A'a wa ya isa. Cewa muka yi alwala ma sai da ruwa.

To furodusa na ta ɗaga min yatsu ta gilashi, saura minti biyu, bari mu yi sauri. Daga Kura, manomin tumatir yana tambaya wa ya gina dam ɗin Tiga. Zamanin gwamna Audu Bako ne, an gama a 1974, lokacin Jigawa ma tana cikin Kano, sai 1991 aka raba. Ruwan da kake ban-ruwa da shi ke nan.

Daga Ringim, yaushe Malam Aminu Kano ya rasu? Afrilun 1983, kuma gidansa na Gwammaja, Mambayya, yana nan an mayar da shi cibiyar nazari, in ka shiga birni ka leƙa ka ga irin ɗakin da ya zauna.

Malam: Shi Malam Aminu ai in aka ce za a yi maganar jam'iyyar NEPU tun daga 1950...

Mai gabatarwa: Malam wannan sai mun ware masa rana guda, na yi alkawari. Akwai wata takarda nan daga Birnin Kudu, ruwa ya taɓa ta, tawada ta bazu, abin da nake iya gani kawai "don Allah ku gaya min wane ne ya fara", sauran ya tafi. Mai wannan wasiƙa ka sake aikowa, kuma a wannan karon ka sa ta a leda. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ga labaran ƙarfe takwas nan tafe.