Lacca: Yadda ƙwayar sha'ir ke tara furotin

To jama'a, mu fara daga lokacin da ƙwaya take ɗanya. Idan ka matse ƙwayar sha'ir kamar mako biyu bayan fure, wani farin ruwa ne mai kauri zai fito a yatsanka. Daga nan zuwa 'yan makonni ake yin aikin duka. Ƙwayar tana cika cikinta da sitaci, tana kuma cusa furotin a tsakani, guzuri ne take yi wa tsiron da zai fito gaba.

Babban furotin ɗin nan sunansa hodin. Thomas Osborne na Amurka ya yi bayaninsa tun 1895, kuma hodin ɗin yakan kai sulusi zuwa rabin furotin ƙwayar. Kashi-kashi ne: akwai B, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, sai C, sai D da gamma, 'yan kaɗan. Ba ko'ina yake taruwa daidai ba, ya fi yawa can gefe kusa da ɓawo, tsakiya kuwa sitaci ne ya mamaye.

Da sinadarin naitirojin shuka ke gina furotin. To daga ina naitirojin ɗin yake fitowa? Mafi yawansa daga ganye. Shukar na kwashe abin da ta tara ta tura wa zangarniya, shi ya sa kuke ganin ganye na yin rawaya daidai lokacin da ƙwaya ke cika.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne mutane ke ruɗewa. Ka ƙara taki, furotin zai ƙaru, ba musu. Amma wane iri? Hodin ne ke ƙaruwa, musamman C, ballantana idan ƙasa na ƙarancin sinadarin salfa. Shi kuwa hodin talaka ne wajen laisin, sinadarin da jikin mutum da na kaza ba sa iya haɗawa da kansu. Ka ga alƙaluma sun hau, inganci ya sauka. Fari ma, wato ƙarancin ruwan sama, yakan ɗaga kason furotin, don kawai sitaci bai samu ya cika ba. Ni ban ɗauki wannan riba ba.

An gwada gyara. A Denmak aka samar da iri mai suna Risø 1508, hodin kaɗan, laisin da yawa. Sai ƙwayar ta fito a tsuke, amfani ya ragu, manoma kuma ba su rungume shi ba.