Amsoshin Tambayoyinku: Jam'iyyar "a bar kasuwa ta yi halinta" za ta iya cin zaɓe?

Assalamu alaikum, masu sauraro. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wani manomin riɗi a ƙaramar hukumar Gagarawa, jihar Jigawa. Yana tambaya: jam'iyyar adawa mai son gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwa, ta janye tallafi, ta sayar da kamfanoninta, me za ta tsinana a ƙasar da ba ta daɗe da rabuwa da mulkin soja ba? Kuma anya talaka zai zaɓe ta?

To Malam, mun gode. Mu leƙa Ghana. Da aka dawo siyasa a 1992, jam'iyyar NPP ce mai wannan ra'ayi. Ɗan takararta, Farfesa Adu Boahen, ya sha kaye a hannun Jerry Rawlings, shugaban mulkin soja da ya tuɓe kaki, sai ta ce maguɗi aka yi, ta ƙaurace wa zaɓen majalisa. Shekara 4 ba ta da ko kujera ɗaya, 'yan Rawlings suka ci karensu ba babbaka. A ganina wannan fushin bai haifa mata ɗa mai ido ba. Da ta sauko ta zauna da hukumar zaɓe, aka samu akwatin ƙuri'a da ake ganin cikinsa, ta shiga majalisa a 1996, sannan a 2000 ɗan takararta John Kufuor ya kayar da John Atta Mills, mataimakin Rawlings, a zagaye na biyu.

Amma kada ka ɗauka son kasuwa ne ya sa aka zaɓe su. Shi kansa Rawlings tun 1983 yake bin sharuɗɗan sakar wa kasuwa mara na asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Jama'a gajiya suka yi da shi. Abin dariya ma, a 1995 manyan 'yan adawar nan, har da Nana Akufo-Addo, su suka ja zanga-zangar ƙin harajin VAT. Da Kufuor ya hau kuma, a 2003 ya kawo inshorar lafiya, wadda ba ta yi kama da tsame hannu ba.

A nan gida aikin ya fi wuya. Ƙasar NEPU da PRP ce, inda har gobe ake tuna Abubakar Rimi da soke haraji da jangali. Kuma a 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin mai, aka cire shi ran 29 ga Mayu. Mai noman rani da ke ba injin ban ruwa fetur a fadamar Haɗeja ya san abin da ya biyo baya. Yanzu mai wannan ra'ayi, da me zai yi adawa?

Kai da kake noman riɗin da ake fitarwa waje, ka fi mu sanin cewa faɗuwar naira tana da daɗi ranar sayarwa, tana da ɗaci ranar sayen taki. In sun zo kamfe Gagarawa, tambaye su nawa buhun yuriya zai koma, kuma wa zai gyara hanyar kai kaya kasuwa.

Wasiƙa ta gaba daga Ɗambatta take.