Asarar da Matafiyi ke Yi Tun Ranar da Ya Yanki Tikiti

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Duk wanda ya taɓa raka matafiyi filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ko ya yi sammako daga Gusau domin ya cim ma jirgi a Sakkwato ko Kano, ya san yadda fuskar mutum take komawa idan ma'aikaci ya dubi tikitinsa, ya dubi fasfonsa, sannan ya ce masa ya koma gefe ya jira. Mafi yawan irin wannan asara tun ranar da aka biya kuɗi aka yi ta, a shagon ejan ko a kan wayar hannu, sai dai ba ta bayyana sai an zo gaban teburin awon kaya, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Bari mu fara da suna, domin a wannan yanki namu shi ne ya fi kayar da mutane. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a lambarsa ta NIN, alhali a gari kowa da sunan garinsu yake kiransa, a ce wane Argungu, ko wane Gummi, ko wane Ƙaura. Idan ɗan uwa ko yaron shago ne ya yanka masa tikiti, sai ya rubuta sunan da ya saba ji a baki. Kamfanin jirgi kuwa bai san kowa da laƙabi ba. Abin da ya sani shi ne haruffan da ke cikin fasfo, da yadda aka jera su. Kuskuren harafi ɗaya ko biyu yawancin kamfanoni suna gyarawa, wasu kyauta, wasu da tara, amma idan suna guda ya ɓace, ko aka ƙara wanda babu shi a fasfo, ana iya ɗaukar tikitin a matsayin na wani mutum dabam. Tikitin jirgi kuma ba a mayar da shi ga wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Saboda haka Alhajin da ya fasa tafiya ya ce a bai wa ƙanensa kujerar, ya sani cewa sabon tikiti ƙanen zai saya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton shafin fasfo a tura wa mai yankan tikitin, kuma a nemi ya turo abin da ya rubuta a karanta kafin a biya.

Yanzu mu ɗauki takardu guda biyu da ejan kan ba matafiyi. Dukansu suna ɗauke da tambarin kamfani, da sunan matafiyi, da ranar tashi, da wata gajeriyar lamba mai haruffa da alƙaluma 6. Wanda bai saba ba zai rantse abu ɗaya ne. Ta farko shaidar kama kujera ce kawai, wadda ejan zai iya fitarwa ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma idan wa'adinta ya cika kwamfuta ce ke soke ta da kanta. Ta biyu ita ce tikiti, kuma alamarta ita ce doguwar lamba mai alƙaluma 13. Idan babu wannan lamba, kuɗinka bai kai ga kamfanin jirgi ba tukuna, ko da ka biya ejan tun wata guda da ya wuce. Ba kowane ejan da ya ba da irin takarda ta farko ne macuci ba, domin wani yana jiran cikon kuɗi ne, wani kuma yana jiran biza ta fito, to amma haƙƙinka ne ka san wadda ke hannunka. Kana iya shiga shafin kamfanin da kanka, ka sa gajeriyar lambar da sunanka na ƙarshe kamar yadda yake a takardar, ka ga ko an fitar. Idan kuma tafiyar Umara ce ko Hajji ta jirgin yawo, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ita ke ba kamfanoni lasisi, kuma tambayar lasisi kafin a miƙa miliyoyi ba rashin kunya ba ce, ko da mai kamfanin surukinka ne.

Sai maganar lokaci, wadda take da ban dariya ga wanda ba ta faɗa wa ba. Jiragen ƙasashen waje da yawa cikin dare suke tashi. Idan tikiti ya nuna 00:45 ranar Juma'a, ma'anarsa minti 45 bayan sha biyun dare, wato ranar Alhamis da daddare ya kamata mutum ya kasance a filin jirgi. Abin mamaki, lissafinmu na Musulunci ya dace da wannan sarai, tun da a wurinmu dare ne ke gaba da yini, kuma daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan magaribar Alhamis. Rikicin yana shigowa ne idan saƙo ya bi ta baki biyu ko uku, “daren Juma'a” ya koma “Juma'a da dare”, mutum ya sauko daga masallaci ya yi sallama da iyali, ya iso filin jirgi bayan jirginsa ya kwana ya wuni a wata ƙasa. A kuma tuna cewa kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da ake magana a kansa ne, kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Masu sayayya a shafukan Amurka su ma su lura, domin can wata ake fara rubutawa kafin rana, ta yadda 03/04 yake nufin 4 ga Maris.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, a ganinmu, shi ne haɗa tafiya guda da tikiti biyu waɗanda ba su san juna ba. Mu ɗauka ɗan kasuwa ne daga Jega zai tafi Umara. Ya sami tikiti mai rahusa daga Abuja zuwa Jidda wanda zai tashi da yamma, sai ya sayi wani dabam daga Birnin Kebbi zuwa Abuja a safiyar wannan rana, yana lissafin cewa tafiyar ba ta fi awa guda da 'yan mintoci ba, ga shi kuma ya tsira daga kuɗin otal. A takarda lissafin ya fita. Amma idan tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa ganin titin sauka, jirgin da zai zo ya ɗauke shi yana iya makara, yana iya kuma ƙin zuwa gaba ɗaya. Jiragen da ke sauka a filayenmu ba su da yawa, ballantana a ce idan wannan ya ƙi a hau na bayansa, kuma ba mai hankalin da zai ce a kama hanyar Abuja da mota a guje don a cim ma jirgin yamma.

A nan ne bambancin yake. Da a ce tafiyar duka a tikiti ɗaya take, nauyin kai shi inda za shi yana wuyan kamfani, kuma su za su nema masa wani jirgin. Tun da tikiti biyu ne, kamfani na farko abin da ke kansa bai wuce Abuja ba, na biyu kuma abin da ya sani shi ne fasinja bai zo ba. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su: a ƙa'idar yawancin kamfanoni, idan fasinja bai hau zangon farko ba, sauran zangunan da ke cikin tikitin suna sokuwa, har da na dawowa. Wato ɗan kasuwar nan ya rasa zuwa, ya rasa dawowa, ga ɗakin da ya biya a Makka yana ƙirga kwanaki babu kowa a ciki, duk saboda gudun kuɗin kwana ɗaya a Abuja. Wannan ƙa'ida ita ce kuma take kama wanda ya sayi tikitin da ya fara daga Legas don ya fi arha, da niyyar ya tari jirgin a zango na biyu. Mutanen Zamfara da ke bin hanyar Tsafe da Funtuwa zuwa Kano su ma lissafinsu ɗaya ne, tun da yanayin tsaro ya sa tafiyar dare ba abin so ba ce, kuma wanda ya isa kwana ɗaya kafin tashi ya sayi kwanciyar hankali da araha.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata a yi kafin a tambayi farashi: idan na canza rana, nawa zan biya? Kujeru biyu da ke jere a jirgi ɗaya suna iya bambanta a kuɗi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya raba su shi ne sharuɗɗa. Mafi arha yawanci ba a mayar da kuɗinsa, canza rana kuma yana da tara, sannan bayan tarar sai ka cika bambancin da ke tsakanin farashin da ka saya da farashin ranar da ka koma. Wannan ciko shi ne yake gigita mutane, domin yakan fi tarar kanta. Lamarin ya ƙara tsanani bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ta haura 1,500 a farkon 2024. Tikitin ƙasashen waje da dala ake lissafa shi, don haka wanda ya saya kafin wannan sauyi ya zo canzawa bayansa ya ga abin da bai taɓa zato ba.

Mu kuwa tafiye-tafiyenmu da yawa a kan ranakun da ba su da tabbas suke rataye. Mai zuwa Umarar goman ƙarshe bai san ko azumi zai yi 29 ko 30 ba, kuma sanarwar da za ta yi masa aiki can ta hukumomin Saudiyya ce, wadda ba lallai ta zo daidai da ta fadar Sarkin Musulmi ba. Mai raka mara lafiya asibiti a Masar ko Indiya ba shi ke da ikon ranar sallama ba, likita ne. Ɗalibi yana jiran biza, ɗan kasuwa yana jiran kaya su kammala. Ga irin waɗannan, tikiti mafi arha caca ce, kuma gara a ƙara wani abu a sayi wanda ake iya ɗagawa. Haka abin yake ga masauki, inda ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa yake fin sauƙi, amma ranar da biza ta makara sai a gane dalilin sauƙin.

Takardun tafiya ba za mu daɗe a kansu ba. Saudiyya da ƙasashe da dama suna so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da ake nema ana gobe tafiya ba ne, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Bizar Umara kuma ba a yin Hajji da ita, duk abin da wani zai raɗa maka.

Akwai kuma canjin da ba laifin kowa a cikin matafiya ba. A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja na mako 6 domin gyaran titi, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara saboda annobar korona, mutane na riƙe da biza da tikiti. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, abin da mutanen Kamba da masu fatauci ta wannan hanya ba su manta ba, kuma sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A irin wannan hali, abin da ke raba wanda ya farfaɗo da kuɗinsa da wanda ya yi asara shi ne wanda ya fara sokewa. Idan kamfani ne ya soke jirgi, kana da zaɓi tsakanin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgin, kuma dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun tanadi cewa wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki kuma cikin kwana 14. Amma idan kai ne ka ji raɗe-raɗi ka yi gaggawar sokewa kafin kamfani ya sanar, ka koma ƙarƙashin sharuɗɗan tikitinka, da tararsa da komai.

Idan kuwa daga wajenka canjin ya zo, rasuwa ce aka yi, ko rashin lafiya, ko hanya ta ƙi, to ka kira kamfani ko ejan kafin lokacin tashin jirgi, ko da saura awa 2 ne, domin tarar wanda ya sanar dabam take da ta wanda aka kira sunansa ba a gan shi ba, kuma sanarwar ce take ceton tikitin dawowa. Kada ka tsaya ga maganar baki. Ka nemi a turo maka saƙo a rubuce, mai ɗauke da sabuwar rana da adadin abin da za ka cika. Ko tikitin da aka ce ba a mayar da kuɗinsa, sau da yawa akwai harajin filin jirgi a cikinsa wanda ake iya dawo da shi idan ba a yi tafiyar ba, sai dai ba kasafai ake ba wanda bai tambaya ba. Idan ta hannun ejan ka saya, ta hannunsa kuɗin zai biyo, saboda haka ka adana rasit ɗinsa tare da lambar nan mai alƙaluma 13, domin da ita ce sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA zai iya bin sawun kuɗin idan magana ta kai ga ƙorafi.