Rufe Layi Ko Koyon Tantancewa: Lacca Kan Labaran Ƙarya

(An rubuto daga naɗin wata lacca da aka gabatar wa ɗalibai a Gusau. An rage gaishe-gaishe.)

Malamaina, iyayenmu da ke wurin nan, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum.

Duk sanda wata ƙarya ta tayar da ƙura a waya, sai ka ji ana cewa gwamnati ta rufe abin nan kowa ya huta. To mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin rufewa ba. A farkon Satumbar 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin sadarwa su katse layi a faɗin jihar nan. Don 'yan bindiga da masu kai musu rahoto aka yi, ba don labaran ƙarya ba, kuma ban zo yanke hukunci kan wannan ba. Tambaya ɗaya gare ni: a makonnin nan, jita-jita ta mutu? (Dariya.) Tasha ta koma. Direba ya taso daga Shinkafi ko Ɗansadau, bai gama kashe mota ba an yanyame shi. Abin da ya faɗa da hantsi, kafin la'asar ya haihu a teburin mai shayi. Da can in an ce an shiga garinku, ƙaninka za ka buga wa ka ji gaskiya daga bakinsa. Da layi ya ɗauke, maƙaryaci na nan da bakinsa, mai son tabbatarwa ne ya rasa hanya.

A shekarar dai aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yuni har Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Matasa suka koyi VPN, manhajar da ake zagaye toshewar intanet da ita, cikin dare ɗaya, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka.

Inda na fi jin tsoro shi ne, a hannun wa mabuɗin zai zauna? Wa zai ce wannan ƙarya ce, waccan gaskiya? A Oktoban 2022 gwamnatin jihar nan ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, har da NTA Gusau, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa. Ba maganar jam'iyya nake ba, don Allah kada a juya ni. Kowa ya hau kujera, labarin da ya ɓata masa rai shi zai fara kira ƙarya. Dokar da ka tafa wa yau, gobe abokin hamayyarka ne zai riƙe ta.

Ba na raina ɓarnar ƙarya. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan da asuba cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Amma ku dubi rigakafin shan-inna a 2003, da aka dakatar a Kano da nan Zamfara saboda jita-jitar cewa yana da illa. Babu WhatsApp a lokacin. Kuma tsoron mutane yana da tushe, ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Me ya warware shi? An tura wakilai, an gwada maganin rigakafin, an kawo wani maganin daga Indonesiya, an zauna da sarakuna da malamai, sai Kano ta dawo a 2004. Da kama masu magana aka shiga yi, da zargin ya ƙara ƙarfi.

Tantance labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Malaman Hadisi kuwa ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma yaya amanar kowannensu take. Ɗalibin da ya san wannan a zaure, ya shiga WhatsApp sai ya ajiye shi a bakin ƙofa. Murya ta shigo: "Jama'a, yanzu-yanzun nan wani ɗan'uwa ya kira ni, don girman Allah ku yaɗa." Babu suna, babu gari, babu rana. Wane ɗan'uwa? Yaushe ne yanzu-yanzun? Wata muryar ta shekara biyu tana yawo, duk damina sai ta dawo. Hoton gawarwaki ma, ka saka shi a Google ya nemo maka inda ya fara fitowa, sau da yawa za ka tarar ba ma ƙasar nan ba ce. Akwai kuma masu bin diddigi irin su shafin Dubawa, aikinsu ke nan.

Wanda ya yi ƙazafi ko ya tunzura a kashe wani, a kai shi gaban alƙali, shi kaɗai, da shaidu. Wannan daban yake da toshe bakin jiha guda.

Malam shugaban taro na nuna mini agogo. Hajiya, ke da kika ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.