Jirgin da ya daka tsalle ya bar dogo

Assalamu alaikum jama'a, ina yi muku magana ne daga birnin York na ƙasar Ingila, kuma abin da ya sa na kunna kyamara da sanyin safiyar nan shi ne wani abu da na gani a talabijin ranar Asabar. Na fito daga kicin da kofin shayi a hannu, yara suna zaune a kan darduma suna kallon Thomas, shuɗin jirgin ƙasan nan mai lamba 1 a jikinsa, sai na ga ya daka tsalle ya bar dogo, ya karkata a iska, ya miƙa tayarsa kamar hannu, sannan ya dira ya ci gaba da gudu. Babu direba a cikinsa, babu mai zuba masa kwal. Saura ƙiris shayin ya zube mini a ƙafa.

Abin ya sosa mini rai ne saboda ni ɗan ma'aikacin reluwe ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a tashar Zariya, inda layin Kano ya rabu da wanda yake bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Kaura Namoda, kuma wurin zamansa shi ne taragon ƙarshe, da usur a wuya, da tuta ja da koriya, da fitila idan dare ya yi. Tun ina ƙarami na san cewa jirgi ba ya kaucewa kowa, ba ya tashi sai an ba shi hannu, kuma duk girmansa yana ƙarƙashin doka. Tsohon shirin Thomas ya san wannan. Wanda ya ƙirƙiro labarin, Wilbert Awdry, limamin coci ne da ya fara ba ɗansa labaran jirage a 1942 lokacin da yaron yake kwance da ƙyanda, littafin farko ya fito a 1945, kuma mutumin ya san aikin dogo har ya taɓa yin aikin sa-kai a wani ƙaramin layi a yankin Wales. Da aka mayar da labaran shirin talabijin a 1984, da ƙananan jirage na gaske aka ɗauka, suna tafiya a kan ƙaramin dogo, hayaƙi yana fita, wani dattijon murya yana ba da labari a natse. Faifansa na farko da na saya a shagon kayan gwanjo fam ɗaya ne kacal, kuma na fi yaran zama a gabansa.

Kamfanin kayan wasa na Mattel ya sayi kamfanin da ya mallaki shirin a 2012 a kan dala miliyan 680, kuma bayan zango 24 sai ya rufe tsohon, ya fito da sabo a 2021 mai suna All Engines Go, wanda aka zana a Kanada. An mayar da jiragen yara ƙanana, an cire mai ba da labari, an cika shi da waƙa da gudu, kowane kashi kimanin minti 11. A ganina an sayar da natsuwa an sayi hanzari, kuma ba zan ɓoye cewa ina jin haushin hakan ba.

Amma dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. A tsohon shirin akwai wani labari da jirgi mai suna Henry ya ƙi fitowa daga ramin dutse don kada ruwan sama ya ɓata masa fenti, sai aka gine bakin ramin da bulo aka bar shi a ciki. 'Yata mai shekara huɗu ta yi kuka sosai a ranar da ta gani, har ta tambaye ni ko zai sami abinci. Sabon shirin ba ya yin irin wannan horo, wanda ya yi kuskure yakan gyara tare da abokansa. Sannan akwai Nia, jirgi mace mai launin ruwan goro wadda ta fito daga Kenya, kuma duk lokacin da ta bayyana sai yarinyar ta nuna ta da yatsa ta ce 'yar Afirka ce kamar mu.

Abin da ya kashe mini baki gaba ɗaya shi ne Bruno. An shigo da shi a 2022, ja ne, taragon birki ne da ke tafiya a ƙarshen jirgi, wato daidai wurin da mahaifina ya yi rayuwarsa ta aiki. An tsara shi a matsayin mai lalurar otizim, wadda a gida wasu suke kira galahanga, kuma a nan Ingila yaro ɗan shekara tara mai irin wannan lalura aka ba aikin yin muryarsa. Bruno yana son jadawalin tafiyar jirage, yana son komai ya zo a kan lokacinsa, ƙara mai ƙarfi tana damunsa, kuma idan ya ji daɗi ko ya shiga damuwa sai ya riƙa kaɗa tsaninsa. Ɗana mai shekara shida haka yake. Idan jirgi ya shigo tasha yakan toshe kunnuwansa da tafin hannu, amma ya haddace lokutan tashin jiragen Landan fiye da ni, kuma ina alfahari da hakan a gaban kowa. Ranar Asabar ɗin, ina tsaye ina shirin kashe talabijin, sai ya juyo ya ce, "Baba, wannan irina ne." Na ajiye rimot na zauna kusa da shi. A unguwar da na tashi, yaro irinsa sai a ce aljanu ne ko taurin kai, a ɓoye shi a cikin gida idan baƙi sun zo, ga shi a nan an sa irinsa a matsayin wanda yake riƙe birkin jirgi, kowa yana dogara da shi. Washegari na saya masa ƙaramin Bruno na roba, fam goma sha biyu, ban yi ciniki da zuciyata ba.

Gargaɗina ga iyaye, musamman waɗanda suka zo ƙasar nan da ƙananan yara, shi ne kada ku bar su da shirin nan su kaɗai su ɗauka cewa jirgi yana iya tsallake abin da ya tare masa hanya. Wayoyin da ke saman layin da ya ratsa York suna ɗauke da wuta bolt 25,000, kuma taka dogo ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da tararsa take kaiwa fam 1,000. Ni dai na ɗauki nawa na kai su gidan tarihin jiragen ƙasa da ke nan garin, wanda shigarsa kyauta ce, na tsayar da su gaban Mallard, jirgin tururin da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, na durƙusa na nuna musu leɓen da ke cikin tayar ƙarfe, wanda shi ne yake riƙe jirgi a kan dogo. Na sa kowannensu ya dubi girman tayar, wadda ta fi ni tsawo, na tambaye su ko wannan zai iya tsalle, suka ce a'a.

Jiya da dare na kira yayana a Zariya na roƙe shi ya duba tsohuwar adakar Baba, idan fitilarsa ta aiki tana nan ya ɗauki hotonta ya turo mini, domin yaron ya matsa sai ya ga ko ta yi kama da ta Bruno.