Fodkas: Yadda Mutum Ɗaya Zai Buga Fiasco Ba Abokin Wasa

Bilkisu: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Malam Habu da Nura, kuma batun namu wasan ƙirƙirar labari ne da ake yi a kan tebur, amma mutum ya zauna shi kaɗai ya buga. Malam, ita ko tatsuniya sai an ce "ta zo mu ji ta" take tafiya. Ina mutum ɗaya zai kai wannan?

Malam Habu: Ai ba yau aka fara ba, Bilkisu. Dungeons & Dragons ya fito a 1974, Tunnels & Trolls ya biyo baya a 1975, kafin 1976 ta ƙare har an buga masa Buffalo Castle, wanda aka tsara don mai wasa shi kaɗai. Sai dai wancan duk hanyoyin an riga an rubuta su, kai dai zaɓi kake yi. Namu na yau ya fi wuya, don wasa ne da aka gina a kan mutane.

Nura: Mu ɗauki guda ɗaya mu feɗe shi, Malam. Fiasco, na Jason Morningstar, wanda ya fito a 2009. Mutum uku zuwa biyar, babu mai jan ragama. Labari ne na masu dogon buri da ƙaramar dabara, su ƙulla abu ya ruguje a kansu. Kowane mai wasa ana ware masa ƙwayar ludo huɗu, farare biyu, baƙaƙe biyu.

Bilkisu: Ƙwayar ludo dai ka ce, kada wani ya ji "ƙwaya" ya kashe rediyo.

Nura: Ta ludo, Anti, mai fuska shida. To idan zagaye ya zo kanka, abu biyu ne a gabanka. Ko dai ka shimfiɗa fitowar da kanka, wato ka ce ga inda ake, ga waɗanda ke wurin, sai sauran su yanke yadda za ta ƙare: su miƙo fara idan ta yi maka kyau, baƙa idan ta ɓaci. Ko kuma ka ce kai za ka zaɓi ƙarshen, su kuma su shimfiɗa maka. Ba a ba ka duka biyun.

Malam Habu: Nan ne gizo ke saƙar. Masu koyo suna ɗauka abin da abokan wasa ke kawowa dabaru ne, sai su tara jadawalin kalmomi shafi-shafi. A'a. Abin da abokan ke yi shi ne hana ka. Kai kaɗai a ɗaki ba za ka rasa dabara ba, amma za ka rasa wanda zai ce maka ba ka isa ba. In ba a maye gurbin wannan ba, rubutun zube kake yi, ba wasa ba.

Bilkisu: To a lissafa mana kayan aiki.

Nura: Ƙwaya goma sha biyu, shida farare shida baƙaƙe, duk girmansu ɗaya don kada yatsa ya bambance su. Guda ɗaya ja, ita daban take. Jaka ko hula wadda ba a ganin cikinta. Katin takarda shida na rubuta dangantaka da ƙarin bayani, da littafin rubutu ko wayar ɗaukar murya. Mutanen labari uku, kada a wuce. Uku na nufin fitowa goma sha biyu; biyar kuwa ashirin, kuma kai ɗaya ba ya riƙe murya biyar, kafin a kai rabi duk sun koma magana iri ɗaya.

Malam Habu: Wajen shiri, littafin yana da jadawali na dangantaka, buƙata, wuri da kuma wani abu na hannu, kowanne rukuni shida, kowane rukuni zaɓi shida. A tebur ana watsa ƙwayoyin duka, kowa ya riƙa ɗaukar lambar da ta yi masa. Dangantaka uku, kowacce ta ci ƙwaya biyu, ƙarin bayani uku su ma biyu-biyu, sha biyu cif. Kai kaɗai, watsa su, ka jera daga hagu zuwa dama ba tare da ka duba jadawalin ba, sannan ka bi su a jere. Musanya ɗaya tak aka yarje maka.

Bilkisu: In abin da ya fito bai haɗu ba fa? A ce surukai ne, buƙatarsu ramuwar gayya, wurin kuma shagon aski a garin masu haƙar zinariya na yammacin Amurka.

Malam Habu: Ai ya haɗu ke nan. Wa ke riƙe da aska, wa ke kan kujera? Ki bar shi haka. Wanda ya zaɓa da kansa kullum labari ɗaya yake maimaitawa.

Nura: Sai a zuba ƙwayoyin a jaka. Wasan kashi biyu ne, a kowane kashi kowane mutum na da fitowa biyu, kuma dokar da muke ba da shawara ita ce ɗaya ta jaka, ɗaya ta zaɓi. A ta jaka, kai ne mai shimfiɗawa. Kafin ka fara, rubuta layi biyu: in fara ce, surukin ya sa hannu a takardar filin, in baƙa ce, ya gane takardar jabu ce. Sannan ka fara ba da labarin, sai an zo daidai inda magana ta yi zafi ka sa hannu a jaka.

Bilkisu: Me ya sa sai an rubuta tukuna? Ai yana cikin kai.

Nura: Saboda zuciya lauya ce, Anti. Baƙa ta fito, sai ka ji kana cewa ai bai gane sosai ba, zargi kawai yake. Abin da aka rubuta ba ya sassautuwa. Lokacin zarowa ma yana da muhimmanci. In ka zaro tun farko, duk fitowar ta zama sharar hanya zuwa abin da ka riga ka sani. In ka bari sai ƙarshe, ka riga ka karkata labarin gefe ɗaya, ƙwayar ta zo ta ƙaryata ka.

Malam Habu: A ta zaɓi kuma, ka buɗe jakar ka ɗauki launin da kake so, amma jar ƙwaya ce za ta shimfiɗa. Katunan nan shida ka sa musu lamba ɗaya zuwa shida. Jifa na farko ya nuna katin da fitowar za ta rataya a kai. Na biyu, ɗaya zuwa uku mutumin labarin da ke dama da mai fitowar ne ya shigo, huɗu zuwa shida na hagu. Haka ma rabon ƙwaya a kashi na ɗaya, inda doka ta ce ka ba wani, ba ka riƙe ba: jefa wadda ta fito, mara ta tafi dama, cika ta tafi hagu.

Bilkisu: Ni fa a ganina a bar wa jaka komai, ya fi tsafta. Zaɓin nan ƙofar son kai ce.

Malam Habu: Lissafi ya ƙi, Bilkisu. A ƙarshen wasa kowa na jefa ƙwayoyin da ya tara, a haɗa farare, a haɗa baƙaƙe, a cire ƙarami daga babba. Lamba babba ta kowane launi sauƙi ce, sifili kuwa shi ne mafi munin makoma. A tebur mutane na tura launi da gangan, wani don ceto, wani don mugunta. Jaka ba ta da niyya, tana yawan bar wa kowa gauraye, sai duka ukun su taru kusa da sifili. Wasa ɗaya haka da daɗi, na uku ya gundure ka.

Bilkisu: Na karɓa, amma ban saki ba. Juyin da ake yi a tsakiya fa?

Nura: Shi ba ya son gyara. Bayan fitowa shida a jefa wa kowa nasa, mai rinjayen fari da mai rinjayen baƙi su ne masu zaɓen matsalar da za ta juya labarin daga jadawalin littafin. Ka jefa shidan da suka rage, ka tambayi kanka me wannan mutumin zai so ya faɗa wa abokin gabarsa.

Bilkisu: Ƙananan tambayoyi kuma, irin ko ƙofa a kulle take?

Nura: Jar ƙwaya. Huɗu zuwa shida e, ƙasa da haka a'a. Ɗaya da shida a ƙara musu gishiri, wato a'a mai tsanani da e mai ƙarfi. In abin ya fi kusa da yiwuwa, jefa sau biyu ka ɗauki babba, wato uku cikin huɗu ke nan. Amma tambaya biyu a fitowa ta isa. Masu amfani da Mythic na Tana Pigeon, tsarin da ke maye gurbin mai jan ragama, sun san wannan ciwo: a yi ta tambaya har a manta ana ba da labari.

Malam Habu: A kuma sa agogo, minti goma ko rabin shafi. Sha biyu sau goma awa biyu ke nan. Ba mai hamma a gabanka da zai nuna maka ka ja da yawa.

Bilkisu: Duk wasa ne ke karɓar wannan gyara?

Malam Habu: A'a. Fiasco ya karɓa ne don asirin mutanen labarin a buɗe yake ga duk masu wasa. Wanda daɗinsa ke kan ɓoye wa na kusa da kai wani abu, ko gano maci amana a tebur, a bar shi sai an samu jama'a.

Bilkisu: To Nura, miƙo hular nan, mu gwada ta surukan kafin lokaci ya ƙure. Malam, rubuta layi biyun.