Abin da tarin fuka ke yi wa huhu da kaluluwar ƙirji a kamun farko

Wani likitan yara ne ya yi wannan lacca ga ma'aikatan lafiya na unguwannin birnin Kano, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum, 'yan uwa. In mai tarin fuka ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya gano a 1882, takan jima tana yawo a ɗakin. Yaro ya shaƙe ta, sai ta gangara can ƙuryar huhu, galibi wajen tsakiyarsa, dab da tantanin da ya lulluɓe shi. Garkuwar jiki ta yi mata ƙawanya, cikin 'yan makonni wani ɗan ƙullutu ya fito, da kyar yake wuce santimita 1 da rabi. Tsakiyarsa takan mutu, ta yi fari da laushi kamar cuku. Shi ne tabon Ghon, sunan likitan Ostiriya da ya yi bayaninsa a 1912.

To, a nan nake so ku tattara hankalinku. Kowa ya san kaluluwar hammata da ta matsematsi. Akwai irinsu a cikin ƙirji, a gindin huhu, inda bututun iska ya rabu biyu, kuma can ƙwayar ke zarcewa daga tabon. A jikin yaro, kumburinsu yakan fi tabon huhun kansa girma nesa ba kusa ba. Bututun iskar yaro siriri ne, ga taushi. Kaluluwa ta danne shi, sai numfashi ya riƙa ƙara kamar fito, ko wani ɓangaren huhu ya motse. Uwa ta ce asma ce, a yi ta sayen magani a kemis, yaro na ramewa. Wallahi wannan yana ci mini rai.

Yawancin waɗanda suka kamu, wajen kashi 90 cikin 100, ba za su taɓa kwanciya ba. Tabon ya bushe, ya ƙandare, sai dai a gan shi a hoton ƙirji bayan shekaru, ko da yake ƙwayar tana iya zama kwance a ciki da ranta. Amma ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ko mai cutar ƙanjamau, kaluluwar tana iya fashewa cikin jijiyar jini, cutar ta watsu ko'ina, har ta kai ga sanƙarau. Irin wannan mummunan kamun ne allurar BCG ta jarirai ta fi karewa.

Ƙaramin yaro ba ya iya tofar da majina, haɗiyewa yake yi, don haka kada ku zauna jiran gwajinta. Duk babban da aka samu da cutar, a Asibitin Zana na cututtuka masu yaɗuwa ne ko a ɗakin shan magani na unguwa, ku tambaye shi yara nawa ke kwana tare da shi. A kawo su duka a duba. Wanda ke da cutar a ɗora shi kan magani, wanda ba ta bayyana a jikinsa ba a ba shi na rigakafi, kuma ku shaida wa iyaye maganin kyauta ne.